Kabeji, Sikila Da Dutsen Shere: Koyar Da Juyin Halitta A Ajin Masu Imani

A manhajar bayoloji ta aji uku na babbar sakandare, darasin juyin halitta, wato yadda masu rai ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, can ƙarshe yake zuwa, bayan darasin gado, daidai lokacin da hankalin kowa ya koma kan WAEC da NECO. Abin da aka fi yi shi ne malami ya rubuta sunan Lamarck da na Darwin a allo, ya zana raƙumin dawa yana miƙa wuya, ya ce a haddace saboda jarrabawa, ya wuce. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Jos aji ɗaya na iya haɗa yaron da ya fito daga islamiyya da yarinyar da ke cikin mawaƙan coci, kuma garin ya sha wuya a kan addini, ba wanda ke son ya taɓo abin da zai kai maganar gaban iyaye. Amma wannan tsallakewar tana da tsada. Ɗalibin da zai karanta likitanci ko aikin gona a jami'a zai tafi bai san dalilin da ya sa maganin zazzaɓi ke daina aiki ba. Wanda kuma ya ci karo da maganar daga baya a intanet, daga bakin mai zagin addini ko mai zagin kimiyya, zai ɗauka dole sai ya yar da ɗaya kafin ya riƙe ɗaya.

Tun a rana ta farko ya kamata a warware tambayoyin da ake cuɗawa wuri ɗaya, domin guda huɗu ne. Shekarun duniya nawa? Halittu suna sauyawa daga zuriya zuwa zuriya? Daga ina jikin ɗan Adam ya fito? Akwai Mahalicci? Ta farko da ta biyu ana auna su, kuma an auna. Ta uku nan ne gizo ke saƙar, za mu zo kanta. Ta huɗu kuwa ba ta da ma'auni a ɗakin gwaji, kuma malamin da ya ce kimiyya ta tabbatar babu Allah ya fita daga kimiyya kamar yadda wanda ya ce duwatsu ba su wuce shekara dubu shida ba ya fita. Yara sun riga sun saba da wannan rarrabewa ba tare da sun lura ba. Tun firamare aka koya musu yadda tururi ke tashi ya zama girgije ya zubo, kuma ba wanda ya daina roƙon ruwa saboda haka.

Akwai kuma tarkon fassara. Kalmar da Turawa ke cewa tiyori, idan malami ya fassara ta da hasashe ko zato, ya rushe darasin da hannunsa. A kimiyya tana nufin bayani mai faɗi wanda ya haɗa hujjoji masu yawa, aka yi ta gwada shi bai faɗi ba, kamar bayanin cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo tarin fuka. Ƙa'ida ta fi kusa da ma'anar. Sannan a faɗa wa yara a fili cewa ƙa'idar Darwin ba ta yi bayanin yadda rai ya fara ba. Tana magana ne a kan abin da ke faruwa bayan an sami abu mai rai da ke hayayyafa. Yadda rai na farko ya samu, har yau masana ba su warware ba.

Kada a fara da biri. A fara da kasuwar Farin Gada. A sayo kabeji ɗaya, farin kabeji ɗaya, da burokoli, a ɗora a kan tebur, a tambayi yara ko danginsu ɗaya. Yawanci za su ce a'a. Nau'in tsiro ɗaya ne, asalinsa wani ganyen daji da ke fitowa a gaɓar tekun Turai. Manoman da suka riƙa ajiye irin wanda ganyensa ke dunƙulewa sun samu kabeji, waɗanda suka riƙa zaɓen mai kaurin fure sun samu farin kabeji da burokoli. Haka masara ta fito daga wata ciyawa mai 'yan ƙwayoyi masu tauri a ƙasar Meziko, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. Darwin da kansa, a littafinsa na 1859, da kiwo ya buɗe magana, musamman tattabaru, kuma duk yaron da ya taɓa haɗa tattabaru don ya sami wani launi ya san abin da ake nufi. Abubuwa uku ne kawai ke aiki: 'ya'ya ba su zama iri ɗaya ba, bambancin ana gadonsa, kuma wasu sun fi wasu barin zuriya. A gona manomi ne ke zaɓe. A daji kuwa fari da cuta da yunwa da maharba ne ke yin tankaɗe da rairaya.

Kuskuren da ya fi yawa a takardun yara shi ne su rubuta Darwin a sama, su yi bayanin Lamarck, wanda ya ce abin da jiki ya samu a rayuwa 'ya'ya na gadonsa, a ƙasa: "Sauro ya saba da magani." "Raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya har ya yi tsawo." Maganin wannan yana cikin gidajenmu. Dubban shekaru ana yi wa maza kaciya, har gobe ba a haifar yaro da kaciya saboda an yi wa ubansa. Kakan da ke da zane a fuska bai haifi ɗa mai zane ba. Abin da ya sami jiki a rayuwa ba ya shiga cikin iri.

Labarin kulorokwin ne ke gyara wannan fahimta. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta koyi jure magani ba. A cikin biliyoyin ƙwayoyi, an sami 'yan kaɗan da kuskuren kwafi ya sauya musu wata ƙofa a cikin jikinsu, ta yadda suke fitar da maganin kafin ya kashe su. Da aka yi ta shan kulorokwin, sauran suka mutu, waɗannan suka gaje fili. An fara ganin haka a ƙarshen shekarun 1950 a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka, ya iso gabashin Afirka a 1978, ya bazu har Najeriya ta canza zuwa magungunan haɗi masu atemisinin a 2005. Abin da ya faru a Malawi shi ne ya kammala hujjar. Sun janye kulorokwin a 1993, kuma cikin shekaru kamar goma ƙwayoyi masu juriya suka kusa ɓacewa, saboda in babu maganin, wannan sauyi nauyi ne a kansu, marasa shi sun fi su saurin yaɗuwa. Yaron da ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa likita ke cewa a shanye magani har ƙarshe, kuma kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta don mura.

Sikila ce darasin da ya fi cancanta a ba shi lokaci biyu a jere. A kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da bayanin gado a ƙwayoyin jiki, akwai umarnin haɗa wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jan jini. Harafi ɗaya ne ya sauya a cikin umarnin, GAG ya koma GTG, sai tubali na shida cikin 146 da ke gina wannan sashe ya zama wani daban. Idan iska ta yi ƙaranci, sinadarin ya dunƙule ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120, mai lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Tambayar da za a jefa wa aji ita ce: abin da ke wahalar da yara haka, me ya hana shi ƙarewa, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da AS? Anthony Allison ya nuna amsar a gabashin Afirka a 1954: yaro mai AS yana da kariya mai ƙarfi daga zazzaɓi mai tsanani, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa ko ya shanye jini.

Ana iya nuna wannan da wake. Kowace ƙungiya ta yara huɗu ko biyar tana buƙatar baƙar jaka da ba a ganin cikinta, da gwangwani ɗaya na farin wake, ɗaya na ja. Fari shi ne A, umarnin da bai sauya ba, ja shi ne S, na sikila. A zuba fari 90 da ja 10, a girgiza. Yaro ɗaya ya riƙa zaro biyu-biyu ba tare da ya duba ba har jakar ta ƙare, an sami jarirai 50 ke nan. A jera su kashi uku. Za a sami AA wajen 40, AS wajen 9, SS ɗaya ko babu. Dokar garin da ke da sauro ita ce: a ware SS gefe, a bar AS duka, a AA kuma a cire ɗaya a bar ɗaya. A ƙirga waken da ya rage, a raba adadin ja da jimillar, a ninka da 100. Idan ja 9 ne cikin 58, an sami kusan 15 ko 16. Sai a sake cika jaka da wannan kason, ja 15 fari 85, a maimaita. Zagaye ɗaya yana cin minti bakwai zuwa takwas. Lissafi ya nuna ja zai hau kamar haka: 10, 15, 21, 26, 29, 31, ya je ya tsaya wajen 33, domin a nan asarar da ake yi ta wajen SS ta yi daidai da ribar da AS ke samu. Wata ƙungiyar kuma ta fara da ja 33 a garin da babu sauro, inda ba a cire AA ko ɗaya. Nasu zai sauka: 25, 20, 17, 14, 12. Saukar tana raguwa a hankali saboda yawancin S yana ɓoye a jikin masu AS, inda tankaɗen ba ya kai masa.

Wuraren da wannan aiki ke lalacewa sanannu ne. Idan jan waken ya fi farin girma, yatsa zai gane shi, sakamako ya karkace, don haka a tace masu girma ɗaya tun a gida. Lambobin kowace ƙungiya za su ɗan saɓa da na lissafi, kuma kada a ce musu sun yi kuskure. A rubuta na kowa a allo a fitar da matsakaici, a nuna musu cewa a cikin ƙaramar al'umma sa'a kaɗai na iya ɗaga abu ko ta sauke shi. A kuma faɗa musu cewa cire rabin AA ƙari ne da aka yi da gangan don a ga sauyi cikin awa ɗaya. Da 15 cikin 100 ake cirewa, ja zai tsaya wajen 13, wanda ke ba da masu AS tsakanin ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin biyar, kusa da abin da ake gani a ƙasar nan. Abin da ya fi duka muhimmanci: da wuya a sami makarantar da babu mai SS ko wanda ya rasa ƙani saboda ita. Kada a ce "wannan ya mutu" ana ware wake. A bayyana cewa wasan yana kwatanta zamanin da babu asibiti ne, kuma yau masu SS suna girma su yi karatu su yi aure. A gargaɗi masu AS cewa zazzaɓi na kama su, gidan sauro bai zama zaɓi ba. A ƙarshe a gyara lissafin da ke yawo a gari: idan AS ya auri AS, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai zama SS sauran su tsira ba, kowane ciki da nasa kaso ɗaya cikin huɗu.

A nan wani yaro mai kaifi zai ɗaga hannu ya ce: "Malam, ai duk wannan ƙaramin sauyi ne, kabeji bai zama mangwaro ba." Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana rataye ne a kan lokaci. Jos na da abin nunawa fiye da yawancin garuruwa.

A 1928 aka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a ramin kuza kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan yumɓu daga Jama'a, ya ga kamarsu ɗaya, kuma shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Ta yaya aka san shekarunsu? Ba yumɓun ake aunawa da kabon ba, gawayi ko ƙonannen hatsin da aka samu tare da shi ake aunawa. Duk mai rai yana ɗaukar ɗan kabon-14 daga iska ko abinci. Ranar da ya mutu ɗauka ta tsaya, abin da ke jiki ya fara raguwa: rabi cikin shekaru 5,730, saura kwata bayan 11,460. Binciken da masana daga jami'ar Frankfurt suka fara tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya a 2005 ya kai farkon al'ummar Nok wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, ya kai kimanin shekaru 8,000.

Malami ya san inda wannan awo ke kuskure tun kafin a kawo masa daga Facebook. Bayan shekaru kamar 50,000 abin da ya rage bai kai a dogara da shi ba, don haka ba a auna ƙashin dainoso da kabon, ba a auna dutse da shi. Idan aka kai tsohon abu da ba shi da sauran kabon-14, amma kashi ɗaya cikin 100 na sabon kabon ya shige shi daga saiwa ko ruwa ko hannun mai ɗauka, na'ura za ta ba da kusan shekaru 38,000. Daga nan ne ake samun labaran an auna ƙashin dainoso an ga bai daɗe ba. Dodon koɗi mai rai da ke zaune a ruwan farar ƙasa zai iya nuna dubban shekaru, saboda tsohon kabon na dutse ya gina bawonsa da shi. Gawayin tsohuwar bishiya yana ba da shekarun itacen ne, ba ranar da aka hura wutar ba, shi ya sa ƙwayar gero da ta ƙone ta fi shi amfani. Kuma yawan kabon-14 a iska bai tsaya wuri ɗaya ba a tarihi, don haka ake daidaita sakamako da zoben bishiyoyi da aka ƙirga shekara-shekara har sama da 12,000.

Duwatsu da wani agogon ake auna su. A cikin yashin da masu wankin kuza ke zubarwa a Bukuru da Barkin Ladi akwai wani ƙanƙanin ma'adini mai suna zakon. Lokacin da yake daskarewa daga narkakken dutse yana karɓar yuraniyom, yana ƙin dalma. Duk dalmar da aka samu a cikinsa daga baya, yuraniyom ne ya rikiɗe. Kuma agogo biyu ne a ƙwaya ɗaya: yuraniyom-238 yana rabewa cikin shekaru biliyan 4.47, yuraniyom-235 cikin miliyan 704. Idan zafi ya taɓa dutsen daga baya dalma ta zurare, agogunan biyu za su saɓa, a gane an sami matsala. Idan suka yi daidai, da wuya a ce sa'a ce. Da irin waɗannan hanyoyi aka gano cewa duwatsun da suka ba Filato kuza, irin na tsaunin Shere, sun haura shekaru miliyan 150, tsohon dutsen da suka ɓullo ta cikinsa kuma ya kai wajen miliyan 600. Wani masani Ba'amurke, Clair Patterson, ya fitar da shekarun duniya a 1956, biliyan 4.55, kuma shekaru saba'in na sake awo ba su matsar da lambar sosai ba.

Adadin shekara dubu shida da ake jingina wa addini yana da tarihi. Wani babban limamin coci a Ayalan, James Ussher, shi ya lissafa zuriyoyin Tsohon Alkawari a 1650 ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin Almasihu. Ba duk Kirista ne suka bi shi ba. Tun ƙarni na biyar Agustin na Hippo, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, bai ɗauki kwanakin Littafin Farawa a matsayin kwana irin namu ba, kuma Paparoma John Paul na biyu ya faɗa a 1996 cewa juyin halitta ya wuce matsayin zato. A ɓangaren Musulunci, Alƙur'ani bai ambaci adadin shekarun duniya ba. Ya ce kwana shida, kuma ya yi amfani da kalmar yini ga shekara dubu a Suratul Hajji aya ta 47, da shekara dubu hamsin a Suratul Ma'arij aya ta 4. Musulmin da ke kare shekara dubu shida yana kare abin da ba nasa ba ne.

Gardamar ma a siffar da take yawo yanzu daga Amurka aka shigo da ita. A can tsarin mulki ya hana koyar da addini a matsayin gaskiya a makarantun gwamnati, sai masu son a koyar da halitta suka riƙa sa mata rigar kimiyya. An ci tarar wani malamin makaranta, John Scopes, dala 100 a Tennessee a 1925 saboda koyar da juyin halitta, daga baya kotuna suka juya, a 1987 da 2005, suka hana shigar da koyarwar halitta ajin kimiyya. Littattafan Harun Yahya na Turkiyya, da suka yaɗu a tsakanin matasan Musulmi, yawancin hujjojinsu daga waɗancan ƙungiyoyi na Amurka aka aro. Mu ba mu da wannan matsi. Akwai darasin addinin Musulunci da na Kirista a jadawali, kowa da malaminsa, ba sai an yi fasa-ƙwaurin aƙida cikin bayoloji ba.

Saura maganar mutum. A fara da gyara abin da ƙa'idar ba ta ce ba. Ba ta ce biri ya haifi mutum ba, ta ce mutum da cimfanzi, wani babban biri marar wutsiya, sun haɗa kaka shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Mai tambayar me ya sa har yanzu akwai birai, kamar mai tambaya ne me ya sa ɗan baffansa ke raye alhali kakansu ɗaya. Kuma idan yara suka ji zafin kalmar biri, suna da gaskiya. An yi amfani da sunan Darwin wajen ƙasƙantar da baƙar fata, har aka ajiye wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a gidan namun daji na Bronx a 1906 ana kallo. Binciken gado na yau ya rushe wannan: duk mutanen duniya daga Afirka suka fito, kuma a Afirka ne bambancin gado ya fi yawa.

Hujjojin kuwa kada a ɓoye su. Mutum yana da kuromosom 46, cimfanzi da gorila suna da 48. Idan an haɗa kaka, to dole biyu sun manne a wani wuri. Kowane kuromosom yana da wata alama a bakinsa, kamar naɗin bakin tabarma da ke hana ta warwarewa. Idan ka ga naɗin baki biyu suna fuskantar juna a tsakiyar doguwar tabarma, ka san biyu aka ɗinke. Haka aka samu a tsakiyar kuromosom na 2 na mutum, an wallafa a 1991. Akuya tana haɗa bitamin C a jikinta, mu ba ma iyawa, amma umarnin yana nan a jikinmu a lalace, kuma a lalace yake a jikin cimfanzi. Ga ƙasusuwa: ƙoƙon kan Tumai da aka samu a hamadar arewacin Chadi a 2001, mai kimanin shekaru miliyan 7, wanda masana ke gardama a kan ko da ƙafa biyu yake tafiya, da Lucy ta Habasha a 1974 mai miliyan 3.2, da ƙasusuwan Jebel Irhoud a Maroko masu shekaru kamar 300,000. Malami ya riga yara ambaton Piltdown, ƙoƙon jabu da aka gabatar a Ingila a 1912, ya kuma ƙara da cewa masana ne suka tona asirinsa a 1953 da gwajin sinadari.

A ɗaya gefen, mafi rinjayen malaman Musulunci da coci-coci masu yawa a Filato suna kan cewa an halicci Adamu daga ƙasa ba tare da iyaye ba. Rashin gaskiya ne a ce wa yara babu wata tsama a nan. Akwai masu imani da suka karɓi juyin halitta ga dabbobi da tsirrai suka keɓe mutum, akwai waɗanda suka keɓe Adamu shi kaɗai a matsayin mu'ujiza, akwai waɗanda suka ɗauki juyin a matsayin hanyar da Allah ya bi, akwai waɗanda suka ƙi shi ɗungurungum. Abin da ya dace a tuna wa aji shi ne, makonni kaɗan baya an koya musu cewa kowane ɗa yana karɓar kuromosom 23 daga uba, 23 daga uwa, kuma ba Musulmi ko Kirista ɗaya da ya ji an ƙaryata haihuwar Annabi Isa, wanda Alƙur'ani da kansa ya kwatanta da Adamu a Ali Imrana aya ta 59. Kimiyya tana bayanin yadda al'ada ke gudana. Ba ta da kayan tabbatar da mu'ujiza, ba ta da kayan kore ta. Wannan bai goge kuromosom na 2 ba, kuma malamin bayoloji ba shi ne zai yanke wa yaro hukunci tsakanin waɗannan matsayai ba. Ya tura shi wurin malamin addinin da ya san fannin, ya kuma tabbata yaron ya tafi da hujjar kimiyya daidai yadda take, ba a rage ba, ba a ƙara ba.

Za a sami wanda zai ce: "Malam, ni dai ban yarda ba." A karɓa masa ba tare da ja-in-ja ba, kada a bari aji ya yi masa ihu, kada kuma a mai da shi gwarzon aji. Fahimta ake ba maki, kuma yadda aka tsara tambaya shi ke nuna haka. Maimakon "Daga ina mutum ya fito?" a rubuta "Bayyana hujjoji uku da masana ke kafawa da su cewa mutum da cimfanzi sun haɗa kaka." Maimakon "Me ya sa sauro ya saba da feshi?" a rubuta "Yi amfani da ƙa'idar Darwin ka bayyana yadda sauro mai jure feshi ke ƙaruwa a gari cikin shekaru goma." A amsa ta biyu a nemi abubuwa huɗu: cewa bambancin yana nan tun kafin a yi feshi, cewa ana gadonsa, cewa feshin ya kashe marasa shi, da cewa kason masu shi ya ƙaru a zuriya ta gaba. Duk takardar da ta ce sauron ne ya so ya sauya, a ja layi a ƙarƙashin wurin, a mayar da yaron kan teburin wake.